Furen da Muka Kai wa Malam Min

Aikin ofis aka ce mini zan yi a Guangzhou, can ƙasar China. Ofishin da na tarar sito ne a unguwar Sanyuanli, mai warin roba da sabon takalmi, kujerata kuma kwali. Mutumin da ya yi mini hanya daga Kano sai da ya rantse cewa kwamfuta kawai zan riƙa dannawa, tunda ni mai ilimi ne. Ina sauka lambarsa ta daina shiga. Ni Isyaku, da na yi shekaru ina koyar da lissafi a wata firamare a Gwale, yara na miƙewa in na shiga aji, sai ga ni ina naɗe kwalaye da salatif tun safe har magariba, yatsuna duk sun tsattsage.

Mai siton, Alhaji Mudi, shi ke haɗa wa 'yan kasuwar Kano kayansu a kwantena. Ba mugu ba ne, baki ne da shi kamar me. Tun da ya ji aikin da na baro ya raɗa mini suna.

"Ticha, ɗauko wancan kwalin, amma a ɗauko shi da ilimi."

Sai Awudu, wani ɗan Kumasi da muke aiki tare, ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Ni kuwa da saurin zuciya, sai in haɗiye, in je bayan kwalaye in yi ta tsaki ni kaɗai.

Garin bai karɓe ni ba. In na zauna a jirgin ƙasa, na kusa da ni ya tashi. In na tare tasi, direban ya rage gudu, ya ga fuskata, ya ƙara mai. Wata tsohuwa ta taɓa toshe hancinta ina tsaye a gefenta, alhali da sabulun da na zo da shi daga gida na yi wanka. Ranar na dawo ina huci, Alhaji ya ce, "Ticha, in kana kula wannan ba za ka yi wata uku ba. Ka ɗauke kai kawai." Na koyi ɗauke kai, har ya zama ko mutane sun watse daga gabana ba na tambayar dalili. Kewar gida ce dai ta ƙi barina. Matata Habiba ta kira ta ce 'yarmu ta fara cewa baba, tana nuna wayar, sai in ce mata network ne ba kyau, don kada ta ji muryata tana rawa.

Wata rana a bakin kasuwar jakunkuna na tare wani ɗan dako da ya kawo mana kaya. Na tambaye shi da hannu kwali nawa ne, ya ɗaga babban yatsa da ƙaramin yatsa, sauran a dunƙule. Na ce biyu ke nan. Mu kuwa shida muke jira. Kai, ranar na zazzage masa duk haushin da na tara tun zuwana, da Hausa da Turanci, ina kiransa ɓarawo, shi ma yana zuba nasa. Sai wani siririn mutum mai tabarau ya fito daga wani shago ya tsaya a tsakaninmu. Ya kama hannuna na dama, ya lanƙwasa mini yatsu uku na tsakiya, ya bar biyun nan a miƙe.

"Shida," ya ce da Turanci. "A nan haka ake nuna shida. Bai cuce ka ba."

Ya sake lanƙwasa yatsun ya miƙar da babba da manuniya. "Wannan takwas. Maimaita."

Wallahi daga wannan "maimaita" ɗin na gane shi. Ɗan kasuwa ba ya magana haka. Na ce, "Kai malami ne." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Da can. Kai ma?" Na ce ni ma da can. Muka tsaya muna kallon juna kamar 'yan gari ɗaya, ɗan dakon na ta jiran a ba shi haƙuri.

Sunansa Min. Ba ɗan China ba ne, daga Vietnam yake, wani gari a arewacin ƙasarsu kusa da iyaka, shi ya sa ya iya Sinanci. Shagon jakar mata da yake tsaro na mijin yayarsa ne. Ashe ma gida ɗaya muke haya, ɗakinsa na ƙasan nawa, ban taɓa lura ba, don ni a lokacin duk fuskokinsu ɗaya nake gani.

Ni na kai shi sito. Na ce wa Alhaji ga mai koya mana yaren mutanen nan, mu daina zama kurame a kasuwa. Alhaji ya ce, "Tichoci biyu a sito ɗaya? Allah ya sa kada ku fara yajin aiki." Amma ya yarda, bayan la'asar in aiki ya lafa.

Ranar farko Min ya jingina wani faffaɗan kwali da bango, ya zaro maka daga aljihu, ya juyo. Na ga mutum ya canza a gabana. Wanda ke tafiya a sunkuye kamar mai neman abin da ya faɗi, sai ga shi ya miƙe, muryarsa ta cika siton. Ya fara da ƙirga da yatsu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, lafiya lau. Da ya zo biyar sai ya ware yatsunsa duka ya miƙa su saitin fuskar Alhaji.

"Naka!" in ji Alhaji, ya miƙe yana gyara hula. "Ticha, wannan ka kawo mini har sitona ya yi mini daƙuwa?"

Awudu har ƙasa don dariya. Da na yi wa Min bayanin abin da wannan ke nufi a wurinmu, ya rufe baki, ya yi ta sunkuyawa yana ba da haƙuri, sannan dariya ta ƙwace masa har ya cire tabarau yana share ido. Daga ranar in zai nuna biyar sai ya juya wa Alhaji bayan hannu. Daga ranar kuma ya zama Malam Min.

Ajin ya cika. 'Yan kasuwar da suka zo sayen kaya na sati biyu, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, kowa ya ja kwali ya zauna. Manyan alhazai masu tumbi suna maimaita "nihao", wato sannu, da "meiyo", wato babu, kamar 'yan aji ɗaya. Ni da nake taƙama da lissafi, ni ne daƙiƙin ajin a kan abu guda: kullum sai na rikita shida da takwas. Kullum kuma sai Malam Min ya baro allonsa, ya zo ya kama hannuna, ya gyara yatsun, ya ce, "Maimaita." Bai taɓa barin kuskure ya wuce ba, ko na Alhaji ne.

Sai dai ana tashi daga aji, mutumin nan yakan mutu a tsaye. Muna tafiya gida tare ba ya cewa uffan. Da safe in na sauko sai in tarar da idonsa ja, abincin jiya na nan a kwano ba a taɓa ba. Na sha leƙa shi a shago in gan shi yana rubutu a iska da yatsa, masu saye na tsaye suna jira. Na tambayi Awudu ko ya lura, ya ce, "Massa," haka yake kiran kowa, "wannan mutum iska na damun shi. A nema mashi rubutu." Na ce ya rufe mini baki.

Wata Lahadi na ja shi zuwa Dengfeng, inda 'yan Afirka ke da gidajen abinci, na saya masa tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya ci loma biyu don kunyata. A nan ya ba ni labarinsa, a Turancinmu mai ɗingishi.

Ya ce shekara da shekaru yana koyar da ƙananan yara, kuma bai taɓa son wani abu a duniya kamar sa'ar da yake rufe ƙofar aji ba. Amma bayan ƙofar akwai takardun da ba sa ƙarewa, da gasar da ake sa malamai, da masu duba aiki, da iyayen yara da ke kira ko yana cin abinci. Barci ya ƙaurace masa. Ya fara jin nauyi a ƙirji kamar an ɗora buhu. Wata safiya yana tsaye da alli a hannu, magana ta ɗauke masa, hawaye kawai ke zuba, yara na kallo. Wata yarinya ce ta taso ta kama hannunsa ta zaunar da shi.

Na ce, "Likita fa?"

Ya girgiza kai. Ya ce a garinsu in aka ji malami ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ba wanda zai sake ba shi ɗansa, kuma har 'yarsa za a riƙa nunawa. Dangi suka taru suka ce gajiya ce, ya canza iska. Mijin yayarsa ya ce dama aikin malanta ba ya riƙe gida, ya zo ya tsare masa shago.

"Aikin ne ya sa mini ciwon," ya ce. "Amma da suka raba ni da shi, sai na rasa dalilin tashi da safe. Yanzu ajinku ne kawai, Isyaku. Sa'a ɗayar nan ita ce ke riƙe da ni."

Ni na san irin wannan rufa-rufar, mu ma haka muke yi a gida. Na ce masa ya yi haƙuri, Allah na nan. Abin da bakina ya iya ke nan.

A hanyar dawowa ya ɗan ware, ya ba ni labarin wata al'adarsu. Ya ce duk ashirin ga Nuwamba ranar malamai ce a ƙasarsu. Ɗalibai, har waɗanda suka girma suka yi aure, sukan zo gidan malaminsu da furanni. Gidansa yakan cika, har mahaifiyarsa ta rasa inda za ta zuba, sai a bokitin wanka. Ya ce shekarar da ya zo China saƙonni sun yi ta shigowa a waya. Shekarar da ta biyo baya suka ragu. Bana kuwa bai sa rai ba. Ya faɗa yana murmushi, irin murmushin da ya fi kuka ciwo.

Ni kuwa na ƙulla a raina. Na samu Alhaji na ce ranka ya daɗe, mutumin nan ba ya karɓar ko sisi a wurinmu, ga ranar da za mu rama masa. Alhaji ya ce, "Fure? Namiji da gemunsa a kai masa ciyawa? A saya masa shadda mana." Na ce al'adarsu ce. Sai ya ce, "To in dai za a yi, a yi na girma. Ba za a ce mutanen Kano sun kai ɗan tsiriri ba."

A cikinmu ba wanda ya taɓa sayen fure tun da uwarsa ta haife shi. Awudu ne ya ce ya san wani shago a bayan wani asibiti, yakan ga manya-manya a jere a ƙofa. Da ranar malaman ta zo muka rufe sito da wuri, mu uku da wasu 'yan aji, kowa ya sa kayan Juma'arsa. Muka isa, sai ga su kuwa: wasu manyan da'irori na fure fari da rawaya, kowanne a kan ƙafafun gora, tsayinsu ya kai mutum. Tubarkalla, in ji Alhaji. Ya nuna wanda ya fi kowanne girma.

Matar shagon ta dube mu, ta sassauta murya ta yi wata tambaya. Mu kuwa iyakar Sinancinmu gaisuwa da ciniki. Alhaji ya ɗauka kuɗi take faɗa, ya shiga taya mata da yatsu kamar yadda aka koya mana. Ko musu ba ta yi ba, ta sallama, har ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai. Alhaji ya juyo yana washe baki. "Kun ga amfanin karatu? Yau 'yar China ta sallama mini a tayin farko." Ta ɗauko wani dogon farin ƙyalle da baƙin alƙalami, ta nuna alamar a ba ta suna. Na buɗe wayata na nuna mata sunan Malam Min kamar yadda yake rubuta shi da rubutun Sinanci. Na ƙara da kalmar da na fi iyawa, na ce "lawshi", wato malami. Ta gyaɗa kai cikin tausayi ta rubuta, ta rataya a jikin furen. Na ce a raina, ashe a garin nan ma akwai masu girmama malamai.

Tasi ta farko ta rage gudu, direban ya kalle mu ya tsere. Ta biyu ma haka. Direban ta uku har ya leƙo yana ɗaga mana hannu yana faɗa. Muka ce mun saba. Ni da Awudu muka saɓa abin a kafaɗa muka taka da ƙafa har Sanyuanli, Alhaji na gaba da babbar riga. Mutane na darewa suna ba mu hanya, mata na janye 'ya'yansu, wani mai shago ya fito ya tofa yawu a bayanmu. Ko a jikinmu. Kullum haka suke yi mana, don me za mu ce yau daban ce? Awudu har cewa ya yi, "Yau dai sun ba mu hanya kamar gwamna."

A ƙofar gida mai gidanmu, wata tsohuwa, ta hango mu ta ƙwala ihu. Ta tare matakala da hannu biyu tana zuba masifa. Na ce ga ta nan, ta fara, dama ba ta son baƙaƙe su taru mata a gida. Na ɗaga murya ni ma. Hayaniyar ce ta fito da Malam Min.

Farar riga ce a jikinsa, an goge ta sosai, ya sa har da lakatai, shi kaɗai a ɗaki. Ya tsaya a saman matakala. Muka haɗa baki kamar yadda na koya musu a hanya, muka ce, "Barka da ranar malamai!"

Ya kalli furen. Ya kalli ƙyallen, na ga leɓensa na motsi yana karanta sunansa. Fuskarsa ta yi fari fat, ya dafa bango. Na ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa, wallahi har na ji ƙwalla ta zo mini don murna. Ya sauko a hankali, ya yi wa tsohuwar magana ƙasa-ƙasa har ta ja gefe tana share ido. Ya tsaya a gabanmu ya sunkuya sosai, ya daɗe bai ɗago ba.

"Na gode, ɗalibaina," ya ce. "Ku shigo ku sha shayi."

Da kansa ya jingina furen a bangon da ke kallon katifarsa. Ya dafa mana shayi, ya yanka lemo. Alhaji ya yi jawabi, na fassara. Muka jeru muka ɗauki hoto, shi a tsakiya kusa da furen, mu duk haƙora a waje. Da za mu fita ya riƙe hannuna ya ce, "Yau ku kaɗai kuka zo. Kuma ku kaɗai kuka faɗi gaskiya." Na ce ai ba komai, Malam, yi wa kai ne.

Washegari bayan azahar Awudu na nuna wa yarinyar da ke yi wa Alhaji aikin takardu hoton, 'yar China ce mai jin Turanci. Ta dafe baki.

"Wa ya mutu?"

Muka ce ba kowa. Ta ƙara girman hoton, ta karanta ƙyallen. Ta ce wannan furen gawa ne, ba a kai shi sai wurin jana'iza, a nan da Vietnam duka. Ta ce abin da ke rubuce shi ne, ɗalibai na baƙin cikin rasuwar malaminsu Min.

Salati kawai Alhaji ke yi, ya zame ya zauna a kan kwali. Ni ban san sanda na fita ba. Na tarar da shagon Malam Min a rufe, na wuce gida. Na hau matakala da gudu na tura ƙofar, a buɗe take. Yana zaune a ƙasa da farar rigar jiya, ya fuskanci furen, ya kunna turaren tsinke a gabansa.

Na durƙusa na ce, "Malam, don girman Allah ka yafe mana. Ba mu sani ba. Mu a garinmu ko gawa ba a kai wa fure."

"Na san ba ku sani ba," ya ce, bai juyo ba. "Tun a matakala na sani."

Na miƙe na kama ƙafar goran zan fitar da tsinannen abin in karairaya shi. Ya riƙe ɗaya ƙafar da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Bar shi. Kyautar ɗalibai ce, ba a zubarwa."

Na ce to ya tashi mu je, la'asar ta kusa, aji na jira. Ya ce gobe. Gobe ya ce gobe. Alhaji da kansa ya zo, mutumin da ban taɓa ganin ya ba wani haƙuri ba, ya cire hula ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya ce in gaya masa shi Mudi ya tuba, ya dawo ko daƙuwa ce ya yi masa kullum. Na fassara. Malam Min ya yi ɗan murmushi ya ce Alhaji ɗalibi ne mai ƙoƙari. Bai tashi ba. Muka riƙa kai masa abinci muna karɓa-karɓa, mu dawo mu tarar da shi yadda muka ajiye. Furen ya fara bushewa yana zuba a ƙasa, shi kuma yana tsince ganyen yana tarawa a kofi.

Da na ga abin ya fi ƙarfinmu, na roƙi Alhaji mota na tafi Shiling, garin masana'antun jaka, inda yayarsa Lan take da mijinta. Na same ta a tsakiyar kekunan ɗinki, ƙara kamar za ta fasa kunne. Na ja ta waje na gaya mata komai, har da furen. Abin da ta fara tambaya shi ne ko maƙwabta sun sani. Nan zuciyata ta tashi. Na ce mata maƙwabta ne za su binne mata ƙane? Na ce mutum na narkewa a ɗaki, ku kuna lissafin bakin mutane, kun ɗauko malami kun ajiye shi yana gadin jakar mata kun ce magani ne! Na yi ta faɗa, rabin ma da Hausa, ma'aikata suka leƙo.

Ba ta rama ba. Ta zauna a kan wani ƙunshin fata ta fashe da kuka. Da ta natsa ta ce mini a satin da muka kai furen aka sanar da shi makarantar ta ba wani gurbinsa gaba ɗaya, ba sauran jira. Ta ce a ranar malaman tun asuba ya kira ta yana tambaya ko wayarsa ce ta lalace, don ba saƙo ko ɗaya. Ta ce, "Ba ku kuka sa masa ciwon ba, ya daɗe da shi. Mu muka ɓoye." Na ji maganar, amma ba ta rage mini komai ba. Ta yi alkawarin za ta mayar da shi gida wurin matarsa, ta kai shi likita, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Ranar tafiyarsu muka raka su tashar jirgin ƙasa, ni da Alhaji da Awudu. Wannan karon yarinyar ofis ce ta zaɓo mana furen da kanta, jajaye, 'yan daidai, a naɗe da takarda. Malam Min na zaune a kan benci, Lan na riƙe da jakarsa. Ya rame, tabaran ya yi masa yawa. Na miƙa masa furen, ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a cinya, ya ce ya gode, kamar yadda ake gode wa mai ba da canji.

Na kasa haƙura. Na san mutumin nan, na san abin da bai taɓa iya ƙyalewa ba. Na tsuguna a gabansa na ce, "Malam, duba ka gani ko na iya yanzu. Shida." Na ɗaga hannuna daidai fuskarsa, na miƙar da babban yatsa da manuniya, takwas ƙiri-ƙiri, da gangan. Alhaji da Awudu suka gane. Ni dai addu'a nake a zuci ya kama hannun nan, ya lanƙwasa yatsun, ya ce in maimaita.

Ya kalli hannun ya daɗe. Na ga yatsunsa sun ɗan motsa a kan takardar furen.

"Ya yi kyau," ya ce.

Aka kira jirginsu. Lan ta kama shi ya miƙe, suka shiga layi, bai waiwayo ba. Ina nan tsugune hannuna a sama, sai da Alhaji ya zo ya kama shi ya sauke mini, ya ce, "Tashi, Malam Isyaku." Ranar ce karon farko da bai ce mini Ticha ba, kuma ranar ce na yi kuka a gaban mutane, 'yan China na ratsa mu suna wucewa.

Lan takan turo saƙo jefi-jefi. Ta ce yana shan magani, yana ɗan cin abinci, amma in 'yan makaranta za su wuce ta ƙofar gida da safe sai ya sa a rufe taga. Kwalin da ya yi mana allo yana nan jingine a sito, rubutunsa na kai. An sha cika kwantena ana neman kwali ko ɗaya ne, Alhaji ya ce wanda ya taɓa wannan a bakin aikinsa. Ni kuwa ina nan ina naɗe kaya da salatif. Kullum sai na nuna wa 'yan dako shida, na nuna musu takwas, kuma tun daga ranar tashar nan ban sake rikita su ba ko sau ɗaya.